Ledar Ruwan Auta

Tela ne, furfura har ta fara fito masa, amma a bakin yayarsa har yau Auta ne. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ce kuma ta kawo shi asibiti ranar da murar da ya raina ta sauka ƙirji, numfashi ya gagare shi. Likita ta ce nimoniya ce mai tsanani, irin wadda ƙwayar bairas ke kawowa. Aka sa masa robar iska a hanci, aka rataya ledar ƙarin ruwa.

Yaya ta zauna kan kujerar roba, takunkumi a fuska, ta zuba wa ledar ido. Ta mutumin gadon kusa, wanda gudawa ta kwantar, zuba take kamar famfo, har an canja masa wata. Ta Auta kuwa sai ɗigon ya yi kamar ya fasa, sannan ya faɗo. Ga leɓɓansa sun bushe sun tsattsage.

"'Yar nan, ruwan ƙanena ba ya tafiya," ta ce da nas.

"Haka likita ta ce a sa shi, Mama," in ji nas ɗin, ta wuce da sauri, ana kiranta daga ƙarshen ɗaki.

Yaya ta ƙudura a ranta cewa rowa ake musu. Ta riga ta ga yadda ake murza ɗan abin da ke jikin robar ƙarin ruwan. Da ido ya ɗauke, ta miƙa hannu ta murza. Ruwa ya kama gudu, hankalinta ya kwanta.

Kafin yamma numfashin Auta ya canja. Ƙirjinsa ya shiga ɓararraka kamar tukunya a wuta, tari ya zo da kumfa, na'urar da aka maƙala masa a yatsa ta fara ƙara. Nas ta rugo, ta dubi ledar da ta kusa ƙarewa, ta dubi Yaya, ta rufe ruwan ta kira likita. Suka ɗaga shi zaune, suka ƙara masa iska, suka yi masa allurar sa fitsari.

Da abin ya lafa, likita ta iske Yaya zaune a baranda.

"Ni ce, likita. Na ga yana jin ƙishi."

Likitar ta zauna kusa da ita. "Mama, ciwon nan ya taɓa ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikin huhunsa, sun yi rauni, yoyo suke. Idan ruwa ya yi yawa ba ya tsayawa a jijiya, cikin huhu yake tsiyaya. Idan kuma ya yi kaɗan, jininsa ya sauka, ƙoda ta wahala. Shi ya sa muke ba shi a hankali, muna duba fitsarinsa. Da mun zauna mun yi miki bayani tun farko, da ba ki taɓa ba."

"Zai tashi?"

"Ban isa in yi miki alkawari ba. Amma ya fi ɗazu."

Ta ba ta auduga da ɗan kofi, ta nuna mata yadda za ta riƙa jiƙa masa leɓe. Yaya ta riƙe aikin nan hannu bibbiyu, ko matar Auta ta zo karɓarta ba ta sakin kofin.

Sai da aka sha fama kafin kumburin da ruwan ya jawo wa ƙafafunsa ya saɓe, aka fara rage masa iska. Ranar da muryarsa ta dawo, matarsa ta ba shi labari a gaban kowa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ku yi mata uzuri, likita. Tun ina yaro, in ta zuba min abinci sai ya zubo ta gefen kwano."

"Rufe min baki, ja'iri," in ji Yaya, tana goge ido da bakin mayafi.

Ya ce a kira yaran shago, a gaya musu kada wanda ya taɓa masa babban keken ɗinki sai ya dawo.