Jan Biron Dakta Uwais

Dariyar ce ta tsayar da shi. Dakta Uwais ya fito daga aji ke nan, ya ji ana ƙyalƙyalawa a tsohon ɗakin ajiyar kujeru da ke ƙarshen baranda, wanda jami'ar ta mayar wurin taimaka wa ɗaliban babban digiri da rubutu. Ya san muryar sarai. Mu'mina ce, ɗalibarsa, wadda ya daɗe yana duba kundinta amma bai taɓa ganin haƙoranta ba.

Ya raɓa jikin taga kamar mai gyara igiyar takalmi. Dakta Ketura Thomas, mai kula da ɗakin, ta jawo kujerarta dab da ta Mu'mina, ko tebur babu a tsakaninsu.

"Rufe takardar nan," in ji Ketura. "Gaya mini da baki, kamar yayarki kike ba labari. Matan nan masu ɗinkin hula a nan Yerwa, me suka ce miki?"

"Cewa suka yi ɗinkin ido yake ci, ba zare ba, Anti. Kafin mace ta ƙware, ta daina ganin kafar allura."

"To ga farkon babinki nan! Me ya sa kika binne shi a shafi na tara?"

Suka sake yin dariya. Dakta Uwais ya janye daga jikin tagar. Shi ya ba yarinyar nan batun hulunan, batun da ya so ya rubuta da kansa tun yana da baƙin gemu. A ofishinsa kuwa, a tsaye take yi masa magana, kanta a ƙasa, ba ta wuce "to, Malam".

* * *

Bayan la'asar ya zauna a tsakar gidansa da ke Jiddari Polo, kundin a cinya, jan bironsa a hannu. Duk sashen an san biron nan. Ɗalibai kan ce babin da ya shiga hannunsa, kamar daga mahauta yake fitowa, shi kuma daɗin maganar yake ji.

Ya karanta shafin farko, biron na shawagi a sama, bai sauka ba. Ya buɗe na gaba. Ya koma baya yana farautar ko da waƙafi ɗaya da ya kauce. Aikin ya yi kyau, kyan da ya ba shi haushi. Kowace jimla ta san inda za ta, kuma muryar Mu'mina ce a ciki, ba ta wani ba.

Matarsa Sauda ta ajiye masa shayi, ta leƙa takardun. "Yau biron azumi yake yi ne?"

Marigayi Farfesa Gambo yake tunawa, mutumin da ya duba nasa kundin. Shekarun samartakarsa a kan benci suka ƙare, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar sashen, yana jiran Farfesa ya fito ya riƙe masa jaka. Kullum amsar ɗaya ce: "Ban duba ba tukuna. Ka dawo wani makon." Ranar da aka miƙo masa babinsa, daga bayan mota aka zaro shi, manja ya ci rabinsa. Ba wanda ya taɓa jawo kujera kusa da shi ya ce, "Me kake son faɗa?" Ga shi yau an yi wa wata, a banza, har da dariya.

Hassada ce, kuma ya san sunanta. Ya kuma san ranar Alhamis kwamitin sashen zai zauna, duk ɗalibin da malaminsa bai sa wa kundinsa hannu ba, wa'adinsa ya ƙare, sai a cire sunansa. Mu'mina na cikinsu. Da ƙyar makarantar da take koyarwa a Tsohuwar Maiduguri ta ƙara mata hutun karatu, kuma an gaya mata shi ne na ƙarshe.

* * *

Washegari ya tura ƙofar ɗakin rubutun ba sallama.

"Wushe, Dakta!" Ketura ta miƙe da fara'a, ta yi masa gaisuwar mutanen garin. Ita ma ta hannunsa ta bi a digirinta na biyu.

"Ke kika rubuta wa yarinyar nan aiki."

Fara'ar ta ɗauke. "Allah ya sani, ko harafi ɗaya ban sa mata ba, ranka ya daɗe. Tambaya nake yi, in saurara. Ka kira ta, ka buɗe duk shafin da ka ga dama, ka tambaye ta."

"Ni za ki koya wa aikina? Digiri ba hira ba ce. Mu da muka yi, mun san abin da muka sha."

"Na sani, Dakta. Ni ma na zauna a bencin nan, har na san inda ƙusarsa ke kama zane." Ta sassauta murya. "Abin da na rasa a lokacin shi nake ba su. Sunanka ne fa zai fito a bangon kundin, ba nawa ba."

Da ma zagi ta yi masa, da ya fi sauƙi. Ya fita yana jin kunnuwansa na zafi.

* * *

Ranar Laraba da azahar rana ta take, inuwar darbejiya ta tsuke. Mu'mina na ganin ya fito ta taso daga benci da sauri, ta durƙusa, ta karɓi jakarsa.

"Malam, gobe ne zaman kwamitin. Na ce ko Allah ya sa an samu dubawa?"

Biron na aljihun gaban rigarsa. Zaro shi kawai zai yi, ya sa hannu a kan murfin mota, shi ke nan. Har yatsunsa sun taɓa shi. Sai ya hango Ketura a baranda tana yi wa yarinyar alamar ƙarfafa gwiwa, ya kuma ga Mu'mina ta mayar mata da ɗan murmushi, irin wanda shi bai taɓa samu ba.

"Ban duba ba tukuna," ya ce. "Ki dawo wani makon."

Muryar da ta fito ba tasa ba ce, ta Farfesa Gambo ce, har da ɗan tarinsa da kan biyo baya.

"Malam, wani makon ai..." Ta haɗiye sauran.

Ya buɗe bayan motar don ta sa jakar. Kundin na nan inda ya jefa shi da safe, gefen jarkar man inji da murfinta bai rufu sosai ba. Baƙin mai ya fara bin bangon, ya cinye sunanta, yana gangarowa wajen nasa. Ta gani. Ta lallaɓa ta ajiye jakar a ɗaya gefen don kada man ya taɓa ta.

"Allah ya kiyaye hanya, Malam."

Ya tada mota. Ta madubi ya ga ta juya, ba ta nufi baranda ba, ta koma ƙarƙashin darbejiya. Sauran masu jira suka muskuta, suka ba ta wuri a kan bencin.