Akwatin da Aka Ba Cyprien Ya Kai Jirgi

Ni ce kuku a gidan Anselme Kerjolis a birnin Nantes na ƙasar Faransa tun kafin ya fara furfura, don haka abin da zan faɗa a kan Cyprien da idona na ga yawancinsa.

Maigidanmu attajiri ne mai jiragen ruwa, yana kuma da gonar rake a tsibirin Saint-Domingue inda bayi ke yi masa aiki. Daga can ya zo da Cyprien, wani dogon baƙin mutum mai tabo a haɓa. Ya sa aka ɗinka masa jar riga mai maɓallan azurfa, ya ce aikinsa tsayuwa a bayan kujera da zuba wa baƙi kofi. Ƙanwarsa Zabeth kuwa aka bar ta can cikin rake.

Da faɗa muka fara ni da shi. Ranar da ya fara ɗanɗana miyata ya yamutsa fuska.

"Gwaggo Perrine, wannan miya ce ko ruwan wanke kwano? A wurinmu ko mara lafiya ba a ba shi abinci babu barkono."

"To ka koma wurin naku mana, sarkin surutu."

"Ba ni aron jirgi ki gani."

Daga nan muka saba. Shi ke ɗauko mini itace in bayana ya riƙe, ni kuma ina ɓoye masa ɓawon gasasshen nama, don shi ya fi so.

Kowace Alhamis maigida yana tara abokansa cin abinci: likitoci, masu jirage, da wani lauya mai dogon hanci da ake kira Rivoal. Zancensu ɗaya ne, mulkin Sarki. Ba zan yi wa maigida ƙarya ba, ƙiyayyar da yake wa wannan mulki ta gaske ce. Yayansa ya taɓa rubuta wata 'yar waƙar zambo a kan wani minista, aka zo da umarnin Sarki aka tafi da shi, babu alƙali babu shari'a, ya mutu a kurkuku. In maigida ya tuna, sai ya ɗaga murya.

"Mutum ɗaya ya ce a kama, a kama, ya ce a kashe, a kashe, babu mai tambayarsa dalili!" Sai ya bugi tebur. "Wa ya ba shi? Kowane ɗan Adam da 'yancinsa aka haife shi. Iko na jama'a ne, aro suka ba shi."

Su kuma su ce haka ne, su miƙa kofuna, Cyprien ya zuba, su jefa sukari.

Da farko abin dariya Cyprien ya mai da su. In an tashi sai ya shigo madafi ya ɗaga hanci sama kamar Rivoal, ya riƙe ludayina kamar littafi, ya yi ta jawabi har in riƙe ciki. Amma a hankali na lura ya daina kwaikwayo. Sai ya zauna bakin murhu yana maimaita kalmomin a hankali, kamar mai gwada takalmi ko zai shige shi.

"Gwaggo, sun ce kowane ɗan Adam."

"Na ji."

"Ba su ce ban da wane ba."

"Cyprien, masu kuɗi in sun ƙoshi babu abin da ba sa faɗa. Ci abincinka."

Sai ga shekarar da komai ya birkice. Aka ji mutanen Paris sun fasa babban kurkukun Sarki, Majalisa ta ce daga yau doka ce a sama, ba Sarki ba. Nantes ta cika da ganguna. Maigida ya fito ƙofar gida da ƙyalle mai launi uku, alamar masu juyin mulki, a hularsa, ya ga Cyprien tsaye, ya rungume shi a gaban jama'a yana hawaye.

"Ɗan'uwana! Mun ga ranar!"

Mutane suka yi ta tafi. Cyprien ya shigo madafi ya koma bakin aikinsa.

Bai yi gaggawa ba. Ya bari hayaniya ta lafa, sannan wata safiya da na kai wa maigida karin kumallo ya biyo ni, ya tsaya ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ina da roƙo."

"Faɗi, Cyprien, yanzu ai kowa yana da bakin magana."

"Ina so ka 'yanta ni a rubuce. Sannan ka sa a kawo Zabeth. Zan ci gaba da yi maka aiki, ba gudu zan yi ba."

Maigida ya ajiye burodin da ke hannunsa. Ya daɗe yana kallonsa, ba da fushi ba, da mamaki, kamar kujera ce ta yi magana.

"Wani abu aka yi maka a gidan nan? An taɓa dukanka?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ka gani. Wannan magana ce babba, ba a yi mata garaje. In na saki ƙanwarka, sauran fa? Rabin garin nan da rake yake ci. Komai yana da lokacinsa, Majalisa za ta duba."

"Amma kai ka ce..."

"Na san abin da na ce. Kofin nan ya huce."

Haka aka shiga shekara ta biyu. Cyprien bai sake roƙo ba, amma ya fara tsayawa a dandali yana sauraron masu karanta labarai da ƙarfi. Wata Alhamis Rivoal ya kawo zancen cewa Majalisa na shirin doka: duk wanda ƙafarsa ke kan ƙasar Faransa ɗa ne ba bawa ba, ko wane launi gare shi. A tsibirai dai bauta na nan yadda take. Cyprien na tsaye da butar kofi. Na ga maigida ya ɗaga ido ya dube shi, ya mai da kai kan farantinsa.

Ba a yi mako ba, da hantsi, maigida ya kira shi ya nuna masa wani akwati.

"Kai wa kyaftin ɗin jirgina wannan. Hannu da hannu, har cikin ɗakinsa, kada ka ba kowa."

Ya biyo ta madafi da akwatin a kafaɗa. Ina soya albasa.

"Gwaggo, ajiye mini ɓawon naman nan. In kika ba kare, ni da ke ne."

"Tafi can, kai da karen wa ya fi wani haɗama?"

Ya fita yana dariya. Na ajiye masa, har ya sandare a kwano. Da la'asar na fita nemansa bakin ruwa, wani ɗan dako ya ce mini jirgin ya bi kogi tun azahar, kuma ya ga baƙin mutum mai jar riga ya shiga, bai ga fitowarsa ba.

Na koma gida na shiga wurin maigida ko ƙwanƙwasawa ban yi ba.

"Ina Cyprien?"

"Na mai da shi wurin ƙanwarsa. Ba ita yake ta nema ba?" Bai ɗago kai ba. "Iskar garin nan ta ɓata shi, Perrine. Don amfaninsa na yi."

Dokar ta fito bayan tafiyarsa da 'yan watanni. Daga baya wani matuƙi da ya dawo ya gaya mini cewa tun a jirgi aka tuɓe masa jar rigar aka sa masa mari a ƙafa, da suka isa kuma mai kula da gona ya tura shi wurin matsar rake, wai bawan da ya ji zancen manya ba a barinsa kusa da gida. Ko ya ga Zabeth, matuƙin bai sani ba.

Kafin sanyi ya shigo labari ya iso cewa bayin tsibirin sun tashi, sun ƙone gonaki, har da tamu. Maigida ya zauna a falo ya dafe kai.

"Bayan duk abin da na yi musu! Perrine, kina ganin har da shi? Na riƙe shi kamar ɗana."

Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba. Wasu ranakun ina fatan yana cikin masu riƙe da wutar, wasu ranakun ina tsoron bai kai lokacin da rai ba.

Maigida bai talauce ba. Ya koma sayar wa sojoji alkama, aka zaɓe shi majalisar gari, aka sare kan Sarki yana nan, aka sare na wasu abokansa yana nan. Ni ma ina nan, don mace mai shekaruna ba ta da inda za ta. Ya mutu a kan gadonsa da tsufa. A wurin jana'iza Rivoal ya yi dogon jawabi, ya kira shi masoyin 'yanci wanda bai taɓa durƙusa wa azzalumi ba.

Da aka dawo gida cin abinci, Rivoal ya tare ni a ƙofar madafi da faranti a hannu.

"Tsohuwa, ina ta ƙoƙarin tunawa. Baƙin mutumin nan da marigayi ya runguma ranar murna, na so in sa shi cikin jawabina. Me ma sunansa?"

Na buɗe baki zan faɗa, sai wani ya kira shi daga falo, ya miƙo mini farantin ya ce in ƙara masa nama, ya juya.