Tururuwa Huɗu

Ni ce na riƙe ludayin. Gogo ta ce hannuna ba ya rawa, shi ya sa. Ta matse nonon Zaliha a ciki, ɗan kaɗan, rawaya mai kauri kamar man shanun da ya fara narkewa. Sannan ta duƙa gindin danga ta tsinto tururuwa huɗu, tunda mace anka haifa, ta sake su cikin ludayin ɗaya bayan ɗaya.

Mata biyar ne tsaye a kaina, ba mai ko tari. In tururuwa ta fito da ƙafarta, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, mugu ne. Haka ake yi a Garhanga tun ba a haife ni ba.

Uku sunka kafe nan take. Ta huɗun ta ja jiki har kusan bakin ludayi, ina cewa a zuciyata hau, don Allah hau. Ta zame ta koma.

«To, kun dai gani,» in ji Gogo. «Nonon ga dafi ne. Jaririyar ba ta kusantar shi sai an dafa ma uwar sassaƙe kwana bakwai, ranar suna mu sake gwadawa. A kamo man jar akuyar nan.»

Gogo yayar babanmu ce, ita ce ungozomar unguwa, ita kuma ta riƙe Zaliha tun shekarar yunwa da uwarta ta rasu. Katanga ɗaya ta raba gidanta da namu. Zaliha matar yayana Alƙasim ce, wannan haihuwarta ta fari. Tana kwance ta juya fuska ga bango, kamar yadda ake son mai ɗan fari ta yi, kamar jaririyar da ke tsala kuka bayanta ta maƙwabta ce.

Na dubi tururuwan nan. Ko cikin zuma ka jefa su haka za su kafe. Na san wannan, na san abin da ya fi wannan ma. Amma ludayin kawai na miƙa ma Gogo.

* * *

Alƙasim yana shekara ta uku a makarantar likitoci ta Yamai. Da ya zo hutun damina, ruwa ya shiga akwatinsa inda kamyo, babbar motar da ya hau, ya ƙetare ƙorama, tawadar kayensa, littattafan da yake rubuta darasi a ciki, duk ta malale. Ni na tsaya a jarrabawar birbe, ban ci gaba da karatu ba, amma rubutuna yana da kyau. Sai ya sayo sabbin kaye uku da bik na rubutu ya ce in kwafe mishi. Wata guda ina yi, yana karanto man inda ya goge.

Babin da na fi so shi ne na yadda jiki ke kare kansa. Da na kasa gane faransancin, ya ajiye kayen ya yi man da Hausa. Ya ce jiki gari ne, da dakarunsa a cikin jini. In cuta ta shigo sai su yi kokawa da ita, su ƙera makamin da ya dace da ita kaɗai, shi ne antikor. Kuma ba su mantuwa: in ta dawo bayan shekara ashirin sun shaida fuskarta. Shi ya sa ƙyanda ba ta kama mutum sau biyu, shi ya sa ake lamba.

«To jariri fa, Yaya? Shi da bai taɓa ganin kowa ba?»

Ya ji daɗin tambayar har ya buga cinya. Ya ce jariri aro yake. Uwa tana ba shi wasu makaman tun yana ciki, ta cibiya. Amma masu gadin hanji, waɗanda ke tare zawo, cikin dakashi suke, nonon farin nan mai rawaya da mutanenmu ke zubarwa. Ya ce shi ne guzurin da uwa ke ɗaure ma ɗanta. Ya sa na ja layi biyu a ƙarƙashin wurin da jan bik.

Ranar gwajin tururuwan, na same shi can gonar fadama, gindin gawo. Tun da anka ce naƙuda ta fara ya gudo nan, don uban ɗan fari ba ya zama gida. Abokansa biyu suna ta yi mai tsiya, yana cewa shi bai ji an haihu ba, gidan wa? Na tsuguna nesa har sunka gane sunka ba mu wuri.

«Yaya, Gogo ta gwada nonon da tururuwa. Ta ce kwana bakwai.»

Ya daina murmushi. «Mi ake ba ta?»

«Nonon akuya da ruwa. Da jiƙon bauri.»

«Wane ruwa?»

«Na tabki. Ka san rijiyarmu ta rufta.»

Ya daɗe yana karya wani kara gutsi-gutsi. «Ki ce su tafasa.»

«Ka zo ka ce a ba ta nonon uwarta.»

«Cima, ke ma kin san ba ya yiwuwa. Ni in shiga ɗakin jego, gaban Gogo, in yi zancen nonon matata? Kan ɗiyar fari? Kafin magariba an yi man waƙa a garin ga. Baba ina zai sa kansa a masallaci?» Ya jefar da karan. «Ke mace ce, kina ciki. Kin san babin kamar ni. Ki faɗa musu.»

* * *

Ni da ko a aji sai mushe, malaminmu, ya kira sunana sau biyu kafin a ji muryata. Na ɗauki kayen na shiga, na iske Gogo ta ɗora jaririyar a cinya tana ɗura mata nonon akuya da ɗan ludayi. Na buɗe wurin jan layi na fara bayani, ina kallon ƙasa. Dakaru, makamai, guzuri. A bakinsa abin ya yi daɗi, a nawa sai ya zama kamar gatana.

Gogo ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba.

«Nasaran da ya rubuta wannan, haihuwa nawa ya yi?»

Matan sunka yi dariya.

«Ɗiyar lakwal mai karatun boko, ni na binne huɗu nawa na cikina kafin in san mugun nono. Ba da wasa nake ɗora tururuwa ba.» Ta share ma jaririyar baki da gefen zane, a hankali, da so. Wannan ne ya fi ƙona man rai, da so take yi. «Amma yayanki an ce lokotoro zai zama, babban likita. In abin ga gaskiya ne, ɗiyarsa ce, mi ya hana shi zuwa? Shi zo shi tsaya nan shi faɗa da bakinsa, ni kuwa in ɗora ta a nono da hannuna. Tunda bai zo ba, shi ma ya san wasan takarda ne.»

Na koma fadama da gudu. Na ce, Yaya, ƙofa ta buɗe, kalma ɗaya take so. Ya tashi tsaye, har ya kaɗe wando. Sai ya hango abokansa suna tahowa. Ya zauna, ya yago takarda, ya yi rubutu layi uku da faransanci, ya sa hannu a ƙasa da irin lanƙwasar nan da yake koyo don ranar da zai zama babba.

Gogo ta juya takardar gaba da baya. «Wa zai karanta man?»

«Ni.»

«Ashe dai ke ce har yanzu.» Ta soke ta a jikin rufin ɗaki, kusa da layu.

Rana ta uku, da azahar, Gogo ta fita alwala. Na ɗauki jaririyar na kai ma Zaliha. Nononta ya kumbura ya yi tauri kamar duma, gaban rigarta sharkaf, tana cije leɓe in ta motsa.

«Ba ta yanzu, ba wanda zai sani.»

Karon farko ke nan da na ga ta dubi ɗiyarta sosai. Ta miƙo hannu. Jaririyar ta ji ƙanshi ta fara juya kai tana buɗe baki. Sai Zaliha ta janye.

«In ta mutu a nonona fa, Cima? Na ga tururuwan da idona.» Ta yi ƙasa da murya. «Yayanki mi ya ce?»

«Ya ce a ba ta.»

«Ya ce, ko ya aiko?»

Munka ji ƙarar butar Gogo a ƙofa.

* * *

Zawon ya fara rana ta huɗu. Na tafasa ruwa sau biyu, amma in na juya baya sai wata ta ɗebo na randa, wai mai zafi yana ƙona cikin jariri. Rana ta biyar maɗigar jaririyar ta faɗa, ka ce an danna da babban yatsa. Kukan ya koma kamar na ɗan kyanwa. Anka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙoramar da ke tsakaninmu da hanyar Keita ta cika ta batse, ko raƙumi ba ya ƙetarewa balle a ce a kai ta gidan likita.

Kullum ina zuwa fadama, kullum yana tambayata sau nawa ta yi, wane launi, idonta ya zurma? Tambayoyi masu kyau, a jere, kamar yadda suke cikin kaye na biyu. Ranar ta biyar ma ya jero su. Na tsaya ina kallonsa kawai, har shi ya sunkuyar da kai.

Rana ta shida da hantsi ya shigo. An riga an ɗaure ragon suna a tsakar gida, mata na surfen gero. Ya ratsa su babu sallama, ya ɗaga labulen ɗakin jego, ya ce da ƙarfi har na bayan katanga sunka ji:

«Gogo, a ba ta nonon uwarta. Ni na ce.»

Ba wanda ya yi mai waƙa. Tabarya ce kawai ta tsaya. Gogo ta dube shi, ta tashi, ta ɗora jaririyar a ƙirjin Zaliha da hannunta, kamar yadda ta yi alkawari. Duka abin bai kai tsawon alwala ba.

Jaririyar ba ta kama ba. Zaliha ta matsa mata a baki, ɗigo biyu, uku, sunka gangaro ta gefen kumatu. Alƙasim ya durƙusa ya karɓi ɗan ludayin yana ɗiga mata, yana ƙirga bugun hannunta da agogonsa. Ranar ce ya fara ganin fuskarta. Kafin la'asar ya ajiye ludayin.

Ba ta samu suna ba. Anka kwance ragon anka mai da shi garke.

Da mata sunka zo gaisuwa ina raba musu ruwa, na ji wata tana ce ma ta kusa da ita: «Kwana biyar tana raye kan nonon akuya. Ɗan lakwal ya zo ya ce a ɗora ta a na uwar, ko wuni ba ta yi ba.» Ɗayar ta ce, «Tururuwa ba ta ƙarya.» Kafin sati zancen ya kai Ibohamane. Wata ƙanwar innarmu da ta zo daga can ta ce yanzu ko waɗanda sunka fara sakaci da gwajin sun koma yi.

* * *

Ranar da zai koma Yamai ya same ni a zaure ina tsince wake. Ya rame. Ya tsaya yana juya hularsa.

«Cima, kaye na uku, kin gama? Da shi za a fara jarrabawa.»

Na ɗauko duka ukun na ba shi. Ya buɗe yana dubawa, ya zo wurin jan layin nan biyu, ya yi saurin juya shafin. Ya ce rubutuna ya fi na 'yan ajinsu duka. Ban ce ya sauka lafiya ba. Ina jin Baba yana raka shi bakin hanya, mutane na cewa a dawo lafiya lokotoro.

Na zaga gidan Gogo. Takardar tana nan soke a rufin ɗaki, hayaƙi ya fara baƙanta ta. Zaliha ba ta ciki. Na same ta bayan ɗaki, wurin da Gogo ta haƙa mata ɗan rami ta ce ta riƙa matsewa a ciki tana rufewa da ƙasa, kar kaji su sha. Nonon ya ƙi ƙafewa. Tana tsugune, ta gama matsewa, amma ba ta rufe ba.

«Cima, zo ki gani.»

Tururuwa ce ta yi layi daga gindin danga har bakin ramin. Suna sauka, suna tsayawa a gefen farin nan, suna hawowa, suna komawa gidansu ta hanyar da sunka zo.

«Tun shekaranjiya nake kallonsu,» ta ce. «Ban ga wadda ta faɗi ba.»

Na tsuguna kusa da ita. Daga cikin gida Gogo ta ƙwala kira, tana tambaya ko an rufe ramin. Zaliha ta ɗebi ƙasa cike da hannu, ta riƙe, tana jira ta ƙarshen ta fito.