Waken Kafinta

"Kai! Kai mai jar hula! Ɗauke kujerar nan daga wurin nan!"

Mai jar hular ya waiwaya, ya ga tsohuwa ta leƙo ta kan shinge, mayafi ya zame mata har kafaɗa. Ya ɗauka gigin mutuwa ne ya taɓa ta. Ya ce mata sannu da haƙuri, ya dangwara kujerar inda ya yi niyya, ya koma mota ɗauko wasu.

Ungozoma ba ta tsaya neman takalmi ba, ta fito ta zagayo ta ƙofar gidan maƙwabcinta. A layin nan kaf ba wanda bai san muryarta ba, don rabin mutanen ita ta yanke musu cibiya, sauran rabin kuma ta taɓa yi musu tas. Amma yau hayaniyar gidan mutuwa ta shanye muryar. Kafin ta kutsa ta tsakanin mata masu kuka ta isa lambun bayan gida, an jera kujeru, an ɗaga rumfa an buga turakunta a ƙasa, har wasu dattawa sun zauna sun miƙe ƙafa. A kan waken Kafinta suke zaune, ba su sani ba.

In za a faɗi gaskiya, laifin har da na mamacin, Allah ya jiƙansa. Kowa a layin nan, in sanyi ya kau aka fito kaftu, kunya yake yi, tudu da kwari, yadda ko makaho zai san an yi shuka. Shi kuwa Kafinta ya ƙare rayuwarsa yana goge katako, idonsa ba ya jure karkata. In ya kafce ƙasa ya zuba taki, sai ya ɗauko wani dogon falanki ya bi ya shafe ta har ta kwanta sumul. Sai bayan ya binne iri yake kafa ƙirare ya ja zare, don a san inda layi yake. Ungozoma ta sha yi masa tsiya ta kan shinge.

"Malam, lambu kake yi ko tebur? Saura ka shafa masa fenti."

"Ke dai ki ji da kabewarki da take hauro mini shinge ba sallama."

Bana ya binne irin, ya shiga shagonsa ya fiƙe ƙirare, a nan ya yanke jiki ya faɗi. Da aka dawo da shi daga asibiti, Ungozoma ta shiga duba shi. Auta, ƙaramar 'yarsa da ke jinyarsa, ta ba ta wuri a bakin gado. Idonta ya faɗa kan gwangwanin iri a kan taga, a buɗe, babu ko ƙwaya.

Waken nan ba na kasuwa ba ne. Ja ne mai ɗigon fari, marigayiya matarsa ce ta zo da shi daga wurin kakarta, kuma ba wanda ya taɓa ganin irinsa a wani gida. Kowace shekara rabi yake shukawa, ya ajiye rabi saboda tsuntsu da tsutsa.

"Ina sauran?" in ji Ungozoma.

"Na shuka."

"Duka?"

"Duka."

"Kai da kake ajiye rabi kullum? Wannan tsufa ne ko rigima?"

Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Wa zan ajiye wa? Ki dube ni mana. In na bar shi a gwangwani, ranar da aka share ɗakin nan bola za a kai shi. A ƙasa kuwa dole ya fito, kowa ya gan shi." Ya numfasa. "Ki riƙa ba shi ruwa da yamma. In ya yi, ki ɗebi iri, ki ba Auta."

Ta ce masa ya daina maganar banza, shi zai tashi ya ba shi ruwa da kansa. Amma kowace yamma tana zagayowa da butarta, tana takawa a gefe-gefe. Ta so ta kafa ƙiraren, sai dai ba ta san inda layinsa ya bi ba, ta ji tsoron kada ta soke irin. Da safiyar yau Kafinta ya cika. Daga ta leƙa gida ta sauke tukunya, wannan aika-aika ta same ta.

Babban ɗan mamacin yana tsaye a tsakiyar wurin, waya a kunne, yana nuna inda za a ƙara kujeru. Mutanen layi Manaja suke ce masa, tun da ya samu aiki a wani kamfani can nesa. Rabonsa da gidan nan tun mutuwar uwarsa.

"Ɗan nan, wa ya ce a zuba kujeru a nan?"

Ya sauke wayar. "Ni ne, Inna. Tsakar gida ta cika. Na ga fili a share, shi ne na ce a yi nan."

"Fili? Fili a ina? Shuka ce! Ubanka ya shuka da hannunsa, ni nake ba ta ruwa!"

Ya dubi ƙasa, ya dube ta. "To ai ba komai a wurin."

"Haka shuka take, ba ta fitowa ranar da aka binne ta! Da kana zuwa gida ai da ka sani. A kwashe kujerun nan a kai bakin titi."

Dattawan da ke zaune suka fara juyowa. Wani mai tumbi ya gyara zama, ƙafar kujerarsa ta nutse cikin ƙasar da ta sha ruwa jiya. Ungozoma ta ji kamar a ƙirjinta aka kafa ta.

"Inna," in ji Manaja, muryarsa ta yi ƙasa, idonsa ja wur, "mahaifina ne ya mutu yau. Kina so in tashi mutanen da suka zo mini gaisuwa saboda wake?"

Wata mata daga baya ta ce, "Haba Inna, ki ji tsoron Allah. Ana ta rai, kina ta lambu."

Maganar ta yi mata zafi. Ita da ta yi maƙwabtaka da mutumin nan tun kafin a haifi mai wayar, yau ita ce ba ta san mutuwa ba? Ta buɗe baki, ta hango Auta a bakin ƙofa fuska duk hawaye, sai ta rufe. Ta juya ta fita.

Kwanakin gaisuwar nan a bakin shinge ta yi su, tana kallo ranta na tafasa. Jama'a na shiga suna fita, kowa da takalminsa. Masu yabon mamaci suna cewa ai mutum ne mai son shuke-shuke, suna faɗa suna murza dunduniya a kan shukar. Yara suka mai da wurin filin guje-guje. Ta yi fushi da Manaja, ta yi fushi da mai jar hula, ta yi fushi da Kafinta ma da falankinsa da taurin kansa. Sai ta tuna ba ya nan balle ta faɗa masa ta kan shinge, ta koma ɗaki ta yi kukanta ita kaɗai.

Ranar da masu ba da hayar kujeru da rumfa suka zo kwashe kayansu, ta shiga ba ta nemi izinin kowa ba. Ƙasar da ta sha kaftu da taki ta daskare kamar daɓe, ga murafen kwalba, ga ramukan ƙafafun kujeru. Ta durƙusa ta tona da yatsa. Ta ciro ƙwayar wake, ta kumbura ta tsage, tsiron ya karye a ciki. Ta tona gaba, haka. Ta sake tonawa, wannan har ta ruɓe.

Manaja ya fito da jakarsa a hannu, zai koma bakin aiki. Ya gan ta a durƙushe, ya tsaya. Ta miƙa masa abin da ke tafin hannunta.

"Ga filinka."

Ya karɓa don kunya. Ya juya ƙwayar da babban yatsa, ya goge ƙasar, jan ya fito da ɗigon farinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai na Umma ne," ya ce a hankali. "Akwai saura a ɗaki?"

"Babu. Shi ke nan duka."

Ya ajiye jakar. Don ya samu abin yi da hannunsa, ya nufi dogon bencin shagon ubansa, wanda aka fito da shi ranar farko da kujeru suka kasa. Nauyi gare shi, tun da aka dire shi jikin shinge ba wanda ya sake motsa shi. Ya kama gefe ɗaya zai ja.

"Tsaya!" in ji Ungozoma. "Kada ka ja. Ɗaga shi sama."

Ta hango wani abu a inuwar ƙarƙashinsa. Ya kira Auta ta kama ɗaya gefen, suka ɗaga a hankali suka kai shi bakin shago. Inda bencin ya tashi, ƙasar tana nan da laushinta, sumul yadda mai ita ya bar ta. Wake ya fito a jere, siriri, rawaya-rawaya don rashin rana, wasu ba su ma ɗago kai ba.

Auta ta ruga ɗebo ruwa. A bakin titi direban da zai tafi da Manaja yana ta danna odar mota. Manaja ya tsuguna da fararen kayansa, ya sa yatsa ya kawar da wani murfin kwalba da ke danne da tsiron ƙarshe.