Sarin Sayamma

"Wa ya ce ki wanke? Wa ya sa ki?"

Muryar maƙwabcina Baba Pochayya ce ta katse mini tsintar shinkafa. Na leƙa ta kan darni, sai ga shi tsaye ya dafa jiƙaƙƙen sari, dogon zanen da mu mata muke ɗaurawa, a hanci yana shaƙa. 'Yarsa Swarupa, wadda ta zo daga birni ganinsa, tana riƙe da bokiti, kumfa har gwiwar hannu.

"Baba, wari suke yi! Kayan Inna fa, a rataye a daji kamar tsumma."

"Ai warin shi ne mai gadin, shashasha!"

Duk mai shuka a bakin dajin nan ya san haka, ita ce birni ya mantar da ita. Aladen daji ba a kashe shi, hukuma ta hana. Sai dai ka kewaye shuka da tsofaffin sari da ba a wanke ba, in ya ji gumin mutum ya juya. Baba kuwa ba gona yake tsaro ba. Filin wani likita ne da ya bar wa barewa da tsuntsaye, da dashen itatuwa, da tafkin da Baba da matarsa Sayamma suka haƙa da hannunsu. Likitan ya riga ya gaji. Ya ce in aladu suka sake ɓarna, zai sayar wa masu yin bulo.

Da Sayamma ta rasu da rani, Baba ya kwashe sarinta kaf ya ɗaure a shingen filin. Na sha tsokanarsa.

"Haba Baba, ko a mace ba za ka ba ta hutu ba?"

"Da ma ita ce mai korar, 'yar nan. Ni rakiya kawai nake yi."

Ni dai a ganina rana ta cinye warin tun tuni. Amma tunda aladu sun yarda da shi, ni wace ce?

Swarupa ta mayar da kayan kan shinge tana kuka, suna ƙamshin sabulu. Kafin ƙarshen mako aladu suka shiga. Da safe na bi Baba muka gani. Sun tone dashen kamar an bi da garma, sun fasa gaɓar tafkin, ruwa na tsiyayewa cikin ciyawa. Bai zagi kowa ba. Ya naɗe ƙugu ya shiga taɓo yana toshe ɓarakar da hannu.

"Baba, fito ka ci gurasa," in ji Swarupa daga gaɓa.

"In ruwan ya tafi, barewa su sha me? Sabulunki?"

Ya wuni a ciki, ruwan sama na farko ya same shi a can. Washegari zazzaɓi ya kama shi, ya sauka ƙirji. Muka kai shi asibiti, aka ba shi magani, ya dawo ya kwanta a gadon igiya yana numfashi da ƙyar. Swarupa ba ta matsa daga gefensa ba, ta rame kamar ita ce mai ciwon. Na ji tausayinta ƙwarai, don ba ta yi komai ba sai abin da 'ya ke yi wa kayan uwarta.

Ranar ƙarshe, da la'asar, ya ce a ciro masa koren sarin Sayamma daga shingen. Ta kawo da gudu. Ya ɗora a fuska ya daɗe yana shaƙa, sannan ya sauke.

"Ba ta nan," ya ce. Ya laluba ya kama hannun 'yarsa. "Ya wanku da kyau. Ita ma haka take wanki."

Kafin rana ta faɗi ya cika.

Bayan an ƙona gawar a bakin rafi bisa al'adarmu, ban ga Swarupa ba. Na same ta a filin, taɓo har gwiwa, tana lallaɓa gaɓar da ubanta bai gama ba. Da ta fito, ta shiga bukka ta canza kaya. Ta dawo da sarin da ta wuni a ciki, sharkaf da gumi, ta ɗaure shi a inda koren yake a da. Na je gida na kwance nawa na kawo mata.

A laka, gefen ruwan, akwai sabon sawun barewa.