Rata a Bakin Jirgi

Shekarar da kamfanin uraniyom ya rage ma'aikata, har da Fatahu kafinta aka sallama. Aiki ɗaya ya rage masa a Arlit, garin da ke tsakiyar hamada: gyaran wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, wanda Alhaji Zayyadu ya saya hannun wani Bature da ya bar gari. In gyaran ya yi, Alhaji zai tafi da jirgin da Fatahu Yamai, inda kogi yake, washegari, cikin ayarin da sojoji ke rakawa saboda 'yan tawaye.

Alhaji ya duba sababbin katakan bakin jirgin.

"Fatahu, wannan ratar fa? Ai bunsuru ma sai ya wuce."

"Da gangan na bar ta, Alhaji. Katakon ya bushe ƙayau. In ya sha ruwan kogi zai kumbura, in babu rata sai ya tumɓuke ƙusoshin."

"Ka taɓa ganin kogi?"

Bai taɓa ba. A ƙofar banɗaki kawai ya lura katako na kumbura in ya jiƙa.

Ya jiƙa buhu da ragowar ruwan shansa, ya lulluɓe wurin, ya tsuguna yana leƙawa. Da la'asar ratar ta ɗan matse, kaɗan dai.

Alhaji ya daɗe yana kallo.

"To, ka shirya. Amma ranar gwaji, kai za ka fara shiga."

Fatahu bai iya iyo ba.