Tsiro Daga Rumfar Nehemiah

Baba ya daina cin abinci bayan an sallame shi daga asibiti a Birmingham. Yana gidan yayana Sa'id, wanda ya ɗauko shi daga Zariya don a yi masa aikin zuciya. Aiki ya yi kyau, amma tsoho ya rufe bakinsa gam. Likita ta ce idan ya ci gaba da ramewa haka, za a mayar da shi gado a zura masa robar abinci ta hanci. Abu ɗaya kawai yake ambata, kunun zaƙin Inna, mahaifiyarmu da ta rasu da jimawa.

Matar Sa'id ta dama masa, ya kurɓa ya ture. Ni ma na dama na kai masa tun daga Manchester, ya ce min ruwan sukari na kawo. Na ji haushi, amma gaskiyarsa ce. Inna ba ta sa sukari. Tsiro take sawa, wato hatsin da aka jiƙa ya fara fid da saiwa sannan aka shanya, shi yake sa gasara ta yi zaƙi da kanta. Na gwada tsirar da dawa a tagar kicin ɗina na unguwar Levenshulme, sanyi da danshi suka mayar min da ita fumfuna.

Maƙwabciyata Celestina ce ta ga ina zubarwa a shara. Da na faɗa mata dalili, ta yi dariya ta ce ai mijinta Nehemiah yana da tsiro buhu guda a rumfar bayan gida. Mutanen Kafanchan ne, Hausa a bakinsu kamar tamu, kuma duk layin an san Nehemiah yana haɗa giyarsa da kansa. Maigidana Bara'u bai hana ni ba, sai dai ya tuna min wane ne Baba. Mutumin da yake sauya hanya don kada ya bi ta ƙofar gidan giya a Sabon Gari, shi zan kai wa kayan rumfar nan?

Na shiga rumfar ina tattare mayafi kamar wadda za ta tsallake kwata. Nehemiah ya lura. Ya nuna min kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya: ruwa, tsiron sha'ir, wani busasshen fure mai ɗaci da ake kira hops, sai yis a 'yar leda. Ya damtso tsiron ya ba ni na tauna, na ji gardi har cikin raina.

"Maman Hajar, wannan hatsi ne kawai," in ji shi, yana kirana da sunan 'yata. "Sai yis ya shiga ya cinye zaƙin ake samun alcohol, abin da ke sa maye. Shi kuwa yana nan cikin ledarsa, ba zai bi ki gida ba."

Ya gargaɗe ni kada in zuba tsiron a gasara tana tafasa, in bari ta huce, in ba haka ba zafi zai kashe shi. Ya ce kuma kada in bar kunun ya daɗe a wuri mai ɗumi, don kada ya yi tsami. Sai na tuna Inna takan taɓa jikin ƙwarya da bayan hannu kafin ta zuba nata. Na dama na rufe na ajiye a wuri mai sanyi, da safe na tace. Da na ɗanɗana, sai da na nemi kujera na zauna na yi kuka.

A jirgin ƙasa zuwa Birmingham na shirya ƙaryata tsaf: a kantin Indiyawa na Stockport Road na samo. Na iske Baba a falo, wuyansa duk jijiya. Ya karɓi kofi ya kurɓa, ya sake kurɓa. Sa'id yana tsaye a bakin ƙofa ko motsi ba ya yi.

"Na'ima, ina kika samo tsiro a ƙasar nan?"

Tsoro nake ji ya ajiye kofin, amma ban taɓa iya kallon idonsa in yi masa ƙarya ba. Na ce wajen maƙwabcinmu ne, kuma giya yake yi da shi. Sa'id ya harare ni kamar ya shaƙe ni.

Baba ya kalli cikin kofin. Sannan ya ce, "Uwarku ma wajen mata masu burukutu take saye. Nasu ya fi kyau. Takan juye a wata ƙwarya kafin in dawo, har ta rasu tana zaton ban sani ba."

Ya shanye sauran, ya goge gemunsa da tafin hannu, ya miƙo min kofin.

"Ƙaro min. In kin koma, ki ce wa maƙwabcin naku ina gaishe shi."